Injin ƙarfafa baya: A zauna a kai kafin a biya

A makon nan zan jingine maganar siyasa da ta tsadar rayuwa, ko da yake ita tsadar ba ta yarda a jingine ta, domin in ba ku labarin wani ƙarfe da sai da na saya sau biyu kafin na dace da wanda nake nema. Abin da ya tayar da zancen shi ne wani ƙanena, malamin makaranta, ya turo mini hoton wani inji ta waya a makon jiya, yana cewa, "Yaya, in biya?" Amsar da ke bakina ta fi ƙarfin saƙon waya, sai na ga gara in shimfiɗa ta a nan, ko wani ma zai tsira da kuɗinsa da bayansa.

Fiye da shekara ashirin ke nan a zaune nake neman abincina. Daga kujerar ofis sai ta mota, daga ta mota sai ta falo, kai a sunkuye kan takarda ko kwamfuta ko waya. Tun ina jin wani ɗan zafi tsakanin allunan kafaɗuna da la'asar ina sharewa, har ta kai in na daɗe a zaune sai na dafa tebur kafin in miƙe. Da abin ya ishe ni na je wurin likitan fisiyo. Ya duba ni tsaf, ya sa na ɗaga hannu, na sunkuya, na juya, sannan ya ce: "Malam, ban ga wani mugun abu ba. Amma duk aikinka na sunkuyo ne, tsokokin bayanka sun yi shekaru rabonsu da su ja wani abu mai nauyi." Ya ba ni wata doguwar roba, ya nuna mini yadda zan ɗaura ta a ƙarfen taga, in zauna in riƙa jawo ta zuwa cikina. A ƙarshe ya ƙara da cewa in na samu hali nan gaba, akwai inji na musamman da ke yin wannan aiki.

Maganar robar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, ta injin kuwa ta zauna daram. Halinmu ne na ma'aikata, mun fi amincewa da maganin da ya ci kuɗi. Ranar Asabar na shiga wani shagon kayan motsa jiki na kwatanta wa yaron shagon abin da nake so, cewa ana zama a kai ana jawowa. Ya ce, "Alhaji, ai ka zo gida," ya kai ni gaban wani dogon inji mai kujera da ke zamewa gaba da baya a kan doron ƙarfe, da wata fanka a goshinsa. Ban hau ba, ban gwada ba, girma ya hana ni zama a gaban yara da babbar riga. Na biya kuɗin da ya kusa albashina na wata guda, aka ɗora mini a a-kori-kura. Mako biyu ina fama da shi, zafin kafaɗa yana nan inda yake, ga kuma ƙugu ya ƙara riƙewa. Da na koma na nuna wa likitan hotonsa, sai da ya yi murmushi kafin ya yi magana.

Kama da wane ba ta wane. Abin da na sayo injin tuƙin kwale-kwale ne. Wanda ya fi shahara a wannan dangi shi ne na kamfanin Concept2 na Amurka, wanda ya fito da nasa na farko a 1981 domin 'yan tseren kwale-kwale su ci gaba da atisaye a cikin ɗaki lokacin hunturu. Nawa dai kwaikwayo ne marar suna. Inji ne mai amfani ƙwarai ga zuciya da huhu, amma ƙafafu ne ke yin fiye da rabin aikin, kuma mutum yana sunkuyawa yana miƙewa sau ɗaruruwa a zama guda. Ga wanda ƙugunsa bai yi ƙwari ba, kuma ba wanda ya koya masa zaman, wannan ƙarin wahala ne. Injin bai yi laifi ba. Yaron shagon ma laifinsa kaɗan ne, tunda a Turance sunayen injinan biyu kusan ɗaya ne.

Wanda likita yake nufi shi ne injin ja daga zaune, wanda masu ɗaga ƙarfe ke kira sitad-ro. Kujerarsa ba ta motsi. Mutum zai zauna, ya tokare ƙafafunsa, ya kama mariƙi, ya jawo nauyi zuwa ƙirji ko ciki a hankali, sau takwas zuwa goma sha biyu, ya huta, ya sake. Tsokokin da ke ɗaukar aikin su ne faffaɗar tsokar nan da ta taso daga hammata ta bazu har ƙugu, da ƙananan da ke tsakanin allunan kafaɗa masu jawo su wuri guda, da na bayan kafaɗa, sai damtse da ke taimakawa. Su ne dai tsokokin da mai jan guga a rijiya yake sa wa aiki kullum safiya, da matuƙin kwale-kwale a Yawuri. Famfo da injin ruwa da kujerar ofis sun sauke mana wannan aiki, mun yi murna, ga shi yanzu muna biyan kuɗi domin mu dawo da shi cikin ɗaki.

Matsalar kuwa ba tamu mu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Babu ciwon da ya kai shi naƙasa mutane da hana su aiki a duniya. Hukumar ta kuma shawarci kowane baligi da ya riƙa yin atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ban da motsa jiki matsakaici, kamar tafiya, na minti 150 zuwa 300. A watan Disamba na 2023 ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwon baya mai daɗewa, inda ta goyi bayan atisaye mai tsari, ta kuma ce a guji dogara da ɗamarar ƙugun nan da ake tallatawa, da magungunan kashe zafi masu sa maye.

Sai dai a lura da abu biyu, domin kada wani ya ce na yi masa alkawarin da ban yi ba. Ƙa'idojin ba su ce a sayi wani inji ba. Kuma shi wannan inji ya fi ƙarfafa sama da tsakiyar baya. Mai ciwon ƙugu zai amfana da shi ne a cikin jerin wasu atisaye, ba shi kaɗai ba. Akwai ma ciwon bayan da bai kamata a kai shi kusa da ƙarfe ba. Wanda ciwonsa ke sauka ƙafa da mutuwar jiki ko rauni, ko fitsari ya fara ƙwace masa, ko ciwon yana tashinsa daga barci tare da zazzaɓi da rama, asibiti ne wurinsa tun yau. A ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ba a magance shi da atisaye.

To, a ce likita ya duba ya ce a je a yi. Wane iri za a saya?

Waɗannan injuna suna da tarihi mai ɗan tsawo. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Gustav Zander, ya buɗe cibiyar motsa jiki da injuna tun 1865, kuma marasa lafiya da masu aikin zama ya yi dominsu, ba 'yan dambe ba. A 1970 Ba'amurke Arthur Jones ya fito da injunan Nautilus, waɗanda suka sa wuraren motsa jiki suka cika da na'urori. Ɗansa Gary Jones kuma ya kafa Hammer Strength a ƙarshen shekarun 1980, da injunan da ake loda wa faifan ƙarfe, kowane hannu yana jan nasa nauyin daban. Kusan duk abin da za ka gani a shagunan Kano ko Abuja ko Legas a yau, sabo ko na hannu, jikan waɗannan ne ko kwaikwayonsu.

Na farko shi ne mai igiya. Dogon benci ne da matokarar ƙafa, da igiyar ƙarfe da ta bi ta kan 'yan tayoyin nan da makanikai ke kira fuli, ta isa wani jerin tubalan ƙarfe. Ana zaɓar nauyi da soka ƙusa a ramin tubalin da ake so. Daɗinsa shi ne sauƙi: cikin ƙiftawar ido ka sauya nauyi, kuma kana iya cire mariƙi ka sa wani, mai faɗi ko tsukakke. Aibinsa shi ne babu abin da ke tare ƙirjinka. Ƙugunka ne ke riƙe da kai duk tsawon jan, kuma da gajiya ta zo sai mutum ya fara lilo, ya kwanta baya ya fizgo nauyin da jikinsa gaba ɗaya. Na tsaya a wuraren motsa jiki na ga samari suna wannan fizga, suna jin daɗin ƙarar tubalan, alhali tsokar da suka zo dominta tana hutawa, ƙashin baya yana biyan kuɗin.

Na biyu shi ne mai matashin ƙirji. Za ka zauna ka jingina ƙirjinka da wani matashi da ke tsaye a gaban kujera, sannan ka jawo hannuwan ƙarfe biyu. Matashin nan shi ne dukan bambancin. Yana ɗauke wa ƙugu kaya, yana hana lilo, yana tilasta wa tsokokin kafaɗa da tsakiyar baya su yi aikinsu da kansu. Akwai mai jerin tubala a wannan iri, akwai kuma wanda ake loda wa faifai da hannu. Ga wanda ya haura arba'in, ko wanda ƙugunsa ya taɓa gargaɗinsa, ko wanda zai yi atisaye a gida ba mai gyara masa zama, ra'ayina a fili yake: mai matashin ƙirji. Saurayi mai lafiya da ke da mai koyarwa a kansa yana iya ɗaukar mai igiya, har ma ya ƙaru da aikin da ƙugunsa zai yi.

Akwai kuma injunan nan na gida da ake cewa suna yin aiki goma ko ashirin a jiki guda. Ba zan ɓata su duka ba, amma yawanci wurin jan yana ƙasa dab da daɓe, mutum ya zauna a ƙasa ƙafafu a miƙe, bayansa ya lanƙwashe tun kafin ya fara. Wanda ya sayi irin wannan domin bayansa ya gwada wannan zama musamman, kada yawan ayyukan ya ruɗe shi.

Babban darasin da na koya shi ne inji kamar riga yake, sai an auna. Karo na biyu da na fita saye, ƙaramar riga da wando na sa, na kuma tafi da mai ɗakina, domin ita ma likita ya ce ta riƙa yi. Duk injin da muka tsaya a kansa sai na hau, sai ta hau. Ga abin da muke dubawa. Idan ka zauna, matashin ya sauka a kan ƙashin ƙirji, ba a wuya ba, ba a tumbi ba. Idan ka miƙa hannu, ka kamo mariƙin da ɗan miƙa kaɗan, ba sai ka ɗaga daga kujera ba, kuma kada ya kasance kusa har gwiwar hannunka ta lanƙwashe tun nauyin bai tashi ba. Ƙafafu su taka sosai. Idan ka jawo, gwiwar hannu ta wuce haƙarƙari kaɗan ba tare da wani ƙarfe ya tare ta ba, wuyan hannu kuma ya tsaya a miƙe. Duk wannan ba ya samuwa sai in kujerar tana hawa tana sauka, matashin kuma yana matsowa yana ja baya. Injin da ba a iya gyara waɗannan biyun an yi shi ne domin mutum ɗaya mai wani tsayi, kuma ba lallai kai ne ba.

A nan mai ɗakina ta nuna mini abin da ni kaɗai ba zan taɓa lura da shi ba. Wani inji da ya burge ni, mai sheƙi, ta hau ta sauko nan take. Ta ce, "Malam, wannan ba da mata aka yi shi ba." Matashinsa faffaɗa ne mai tauri, yana takura ƙirjin mace, kuma ko da aka saukar da kujerar ƙarshe, ƙafarta ba ta taka da kyau ba. Wanda ya yi mata daidai mai siririn matashi ne dogo. A gidajenmu, inda mata da yawa ba za su je wurin motsa jiki na gama-gari ba, injin da aka kawo gida na kowa ne. Maigidan da ya auna da jikinsa shi kaɗai ya sayi rabin inji da cikakken kuɗi.

Sai maganar lambobi, inda masu sayarwa suka fi samun kanmu. Za a nuna maka tubalin ƙarshe an rubuta 200, a ce maka wannan ko zaki ne kai ya ishe ka. Ka duba da kyau. Kayan da suka fito daga Amurka da laba ake rubuta su, kuma laba 200 kilo 90 ne da 'yan kai. Bayan haka, yadda igiya ta zagaya tayoyin yana sauya nauyin da ke isa hannu. A wasu injunan, abin da ka soka wa ƙusa shi kake ja. A wasu kuwa rabinsa ne, ka sa kilo 40 hannunka ya ji 20. Ba ha'inci ba ne, tsarin ƙira ne, amma ya kamata mai saye ya sani, domin kada ya kwatanta injuna biyu da lambar da ke jikinsu. Ni kuma a ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta ɗaya ɓangaren: mene ne mafi ƙarancin nauyinsa, kuma da nawa-nawa yake ƙaruwa? Yawancinmu ba za mu taɓa kusantar tubalin ƙarshe ba. Amma injin da ya fara da nauyin da ya fi ƙarfin uwar gida, ko yake tsalle da kilo goma-goma, zai sa ko dai a tsaya wuri guda ko a ji ciwo. Ƙarin kilo biyu da rabi shi ne abin nema.

Wanda ya zaɓi mai faifai ya kula da ramin faifan. Iri biyu ne a kasuwa, mai faɗin milimita 50 da mai 25, kuma mai 25 ba ya shiga sandar mai 50. Na san wanda ya sayi inji a wani shago, faifai a wani, ya isa gida ya tarar aure bai ɗauru ba.

Ƙarfen jikin injin ma abin dubawa ne. Na wuraren motsa jiki na kasuwanci kaurin ƙarfensu yakan kai milimita uku, na gida masu araha kuwa sun fi haka siranta nesa. Ba sai ka je da ma'auni ba. Kama shi da hannu biyu ka girgiza, ka hau ka ja da ƙarfi ka ji ko ƙafarsa ta baya tana ɗagawa, ka duba waldar ko a shafe take ko tana da ramuka, ka duba ƙarƙashin kujera inda tsatsa ke ɓuya a bayan sabon fenti. Kayan tokumbo da yawa an yi musu wanka da fenti kafin su iso gabanka. Kuma kafin ka bar gida ka auna ɗakin, domin mai dogon benci yana cin kusan mita biyu, ban da wurin shiga da fita.

Abin da takardun tallan ƙasashen waje ba za su gaya maka ba shi ne ƙurar hunturunmu da zafin bazararmu. Mai jerin tubala yana da sanduna biyu masu santsi da tubalan ke hawa suna sauka a kansu. Ƙura tana kwanciya a kansu, in kuma aka shafa giris ko baƙin mai sai ta cakuɗe ta zama taɓo, ja ya riƙa cijewa. Gogewa da tsumma da ɗan feshin silikon shi ne maganinsa, tare da lulluɓe injin in an gama. Ita kuwa igiyar, waya ce ta ƙarfe da aka naɗe da roba, zafi yana busar da robar ta tsage, wayar ta fara warwarewa, musamman a inda take lanƙwasa kan fuli da kuma bakin ƙulli. Igiyar da ta tsinke ana tsakiyar ja tana wurgar da mutum ta baya, mariƙin kuma ya same shi a ƙirji ko a haɓa. Don haka a bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe kafin a biya, sannan a tambayi mai shagon: in ta tsinke, ina zan samu wata daidai tsawonta? In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Wannan tambaya ta gyara ta ƙara nauyi tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo. Duk abin da sai an yi odarsa daga waje, daga injin har ƙaramar tayarsa, farashinsa ya tashi. Mai faifai a nan ya yi wa ɗan'uwansa nisa, domin babu igiya babu tubala. Hannu ne na ƙarfe da ke juyawa a kan boris, kuma boris ana samunsa a kasuwar kayan gyaran mota ko babur. Soso da ledar kujera kuwa kowane mai aikin kushin zai sabunta su.

Wannan ya kawo mu ga masu waldarmu, waɗanda tuni suka fara ƙera irin waɗannan injuna. Ina cikin masu son a ba su aiki, kuɗin ya tsaya a unguwa, mai gyara kuma yana kusa. Ƙarfinsu ba abin shakka ba ne, sau da yawa ma sun fi na shago kauri. Inda ake samun tangarɗa shi ne kwaikwayo daga hoto. Wurin da aka dasa mahaɗar hannun shi ke yanke hanyar da mariƙin zai bi. In ta goce da tsawon yatsa biyu ko uku, sai mariƙin ya riƙa hawa wajen wuya maimakon ya nufo ƙasan ƙirji, kafaɗa ta ɗage, wuya ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Na ga wani da aka ƙera a unguwarmu, kyakkyawa abin sha'awa, amma ja uku na yi na ji wuyana ya ƙage. Da na gaya wa mai waldar sai ya ce, "Baba, ai yadda yake a hoton na yi." Gaskiya ya faɗa. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya ɗauki mai waldar ya kai shi gaban inji na ainihi wanda ya riga ya hau ya ji daɗinsa, a auna komai da tef, a kuma sa sharaɗin kujera da matashi masu motsi. In za a zuba faifai na siminti, a kai su kan sikeli, domin kada hannun dama ya riƙa jan abin da ya fi na hagu.

Ɗalibai da ke karanta wannan shafi za su ce duk wannan zancen masu albashi ne. To ku saurara, domin ku ne kuka fi ni dacewa. A 2009 Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo da ke Kanada, da abokan aikinsa, sun kwatanta hanyoyi uku na wannan ja. Sun gano cewa ja a tsaye a sunkuye da sandar ƙarfe shi ya fi ɗora wa ƙashin baya nauyi, wanda kuma ya fi sauƙaƙa masa, tare da sa tsokokin baya aiki sosai, shi ne mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin wata sanda mai ƙwari ya riƙa jawo ƙirjinsa zuwa gare ta. Wannan ba ya bukatar komai sai bututun ƙarfe da aka kafa daidai ƙugu. Robar nan da na raina ita ma tana nan da arha. Wanda ba shi da tabbacin zai ɗore, ya fara da waɗannan wata uku, ko ya biya kuɗin wata guda a wurin motsa jiki ya hau kowane iri ya ji wanda jikinsa ya karɓa. Injuna nawa ne a gidajen ma'aikata suka koma wurin shanya tawul?

Ni dai a ƙarshe mai matashin ƙirji na saya, na hannu, mai faifai, wanda kowane hannu ke jan nasa. Ranar farko ya tona mini asirin da ban sani ba: hagu ta gaji tun a ja na bakwai, dama tana neman ƙari. Da mai mariƙi ɗaya ne, dama za ta ci gaba da rufa wa hagu asiri har abada. Amma kada in ɓoye aibinsa, domin mai ɗakina ba ta ɓoye mini ba. Loda faifai aiki ne, kuma ɗaukar faifan kilo 20 daga ƙasa shi kansa yana iya tayar da ciwon da ake gudu. Sai muka sayi ƙanana, masu kilo biyu da rabi da biyar da goma, mai waldar nan kuma ya yi mana maratayi daidai ƙugu a jikin bango. A wannan aikin kam ya ciri tuta.

Kwana biyu nake yi a mako, zubi uku, kowane ja goma. Ina fitar da numfashi lokacin ja, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini, abin da mai hawan jini zai kiyaye, ya kuma tambayi likitansa tukuna. Ina mayar da nauyin a hankali ba tare da na sake shi ya faɗi ba. Bayan wata huɗu zafin la'asar ɗin nan ya ragu ƙwarai. Ba zan rantse cewa injin ne shi kaɗai ba, domin a daidai lokacin na fara tafiyar ƙafa da safe, na kuma koyi tashi daga kujera kowace sa'a.

Hoton da ƙanena ya turo kuwa, da na buɗe shi da kyau sai ga doguwar kujera mai zamewa da fanka a goshi. Na kira shi na tambaye shi me yake nema. Ya ce tumbi yake so ya rage, kuma hawa bene ya fara sa shi haki, bayansa lafiya lau. Na ce ya riƙe kuɗinsa, ya zo da a-kori-kura ranar Asabar, akwai irinsa a bayan ƙofar ɗakina da tawul biyu a kansa.